Tawul Uku

A ranar da na fara yi mata wanka, sai da tsohuwar ta sa na kawo tawul uku kafin ta yarda na taɓa maɓallin rigarta. Ɗaya ta ce a yafa mata a kafaɗa, ɗaya a shimfiɗa mata a cinya, na ukun kuwa ita ta riƙe shi da kanta a ƙirji. Daga nan ta kafa mini doka da murya irin ta wadda ta saba a bi maganarta: idan hannu zan wanke, hannun kaɗai zan buɗe, kuma sai na goge shi na mayar ƙarƙashin tawul sannan in nemi ƙafa. Wankan da muka saba gamawa cikin minti goma sai da ya ci fiye da rabin awa. Ban ji haushi ba, don ta tuna mini da kakata ta wajen uba, wadda har ta koma ga Allah ba wanda ya san launin gashin kanta sai mai yi mata kitso. Na fito ina cewa a raina, ashe a ƙasar nan ma ba a rasa masu kunya ba.

Wannan ya faru ne a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Baltimo na ƙasar Amurka, inda na yi shekara huɗu ina aikin yamma, daga ƙarfe uku zuwa sha ɗaya na dare. Ba zan faɗi sunanta ba, domin amanar aiki ta hana, kuma ko da ba ta hana ba sai in rasa wanda zan faɗa, tunda sunaye biyu gare ta: wanda uwarta ta raɗa mata, da wanda aka riƙa rubutawa a allon talla. Ni dai Kaka nake kiranta. Baƙar fata ce, doguwa, ta haura tamanin, sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Da na yaba kunyarta a ɗakin shan shayinmu, sai wata abokiyar aikina da ta daɗe a gidan ta yi dariya har da tafawa. Ta ce, "Wannan? Ai shekara goma sha biyar ta yi tana yawo gari gari tana tuɓe kaya a gaban maza, ana kiɗa ana biyanta. Tambayi kowa."

Ban tambayi kowa ba. Washegari na je wurin shugabar sashenmu na roƙi a canza mini ɗaki, na fake da cewa wankanta yana cinye mini lokacin sauran. Ta ce ma'aikata sun yi kaɗan, in yi haƙuri. Na koma, amma ba da zuciyar jiya ba. Na daina kiranta Kaka, na riƙa sa safar hannu biyu biyu, kamar abin da ta aikata shekara hamsin da suka wuce zai ratsa roba ya same ni. Tawul ukun da suka burge ni suka koma mini tuban muzuru. Na san ta lura, domin wadda ta ci abinci da karanta fuskokin mutane daga kan dandamali ba a ɓoye mata tsuke baki. Ba ta ce komai ba. Mun yi kusan wata biyu a haka, ina wanke ta ina shafa mata mai, ba abin da ke haɗa mu sai "ɗaga hannu" da "juya".

Allura ce ta sasanta mu. Wata rana bakin hijabina ya kama ƙarfen gado ya yage, na zauna a kujerar ɗakinta ina ɗinkewa da 'yar allurar da ba na rabuwa da ita, a zatona barci take. Sai na ji ta ce, "Wa ya koya miki wannan ɗinkin? Matso da shi in gani." Ta juya ƙyallen ciki da baya, ta bi zaren da farce, ta ce ɗinkin ya yi, amma ƙullin ƙarshe ba zai kai wanki uku ba. Ta nuna mini yadda ake mayar da allura ta cikin madauki sau biyu. Sannan ta yi jim kamar mai shawara da kanta, ta ce in jawo akwatin da ke ƙasan kabad ɗinta.

A cikin akwatin akwai doguwar riga shuɗiya da aka yi wa ado da ƙananan duwatsu tun daga wuya har ƙasa, nauyinta ya kai na jariri. Akwai doguwar safar hannu, da ragowar mafici na gashin jimina wanda asu ya cinye rabinsa, da takardun kiɗa da aka rubuta wa mai ganga daban, masu busa daban. Ƙarƙashin waɗannan kuma littattafan lissafi ne guda goma irin na 'yan makaranta, da rasidan gidan waya ɗaure da zare dami dami. Duwatsun rigar sun fara zuba, yatsunta kuwa sun daina riƙe allura, abin da take so shi ne in mayar mata da su. Na so in ce a'a. Rabin abin da ya hana ni tausayi ne, rabi kuma kwaɗayin mai ɗinki da ta ga aikin da ya fi nata, domin kowane dutse da nasa ƙulli, yadda in ɗaya ya tsinke ba zai ja 'yan'uwansa ba. Ta ce ita ta ɗinka ta da hannunta, a jirgin ƙasa da ɗakunan haya, cikin wata huɗu. Tun daga ranar a ɗakinta nake yin hutuna na minti ashirin, ina ɗinki tana magana.

Sana'ar tata barleski ake kiranta. Sunan ya samo asali daga wata kalmar Italiyanci mai nufin zolaya ko ba'a, kuma da zolaya abin ya fara. Na karanta a ɗakin karatu na Enoch Pratt, inda nake zuwa bitar jarrabawa, cewa a 1868 wata Baturiyar Ingila mai suna Lydia Thompson ta kawo ayarinta na mata birnin Niyok, suna shigar maza da matsattsun kaya, suna kwaikwayon manyan mutane da tatsuniyoyin Girkawa don a yi dariya. Da na ga haka sai 'yan kama suka faɗo mini a rai, waɗanda ke ɗaukar salon karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. A Amurka abin ya zama wasan talaka mai kayan haɗi: ga masu barkwanci, ga mawaƙa, ga sahun 'yan rawa, ga tauraruwa a ƙarshe. Kamfanoni suka jera gidajen wasa na garuruwa daban daban, ayari ya yi mako guda a nan ya wuce gaba, wani ya maye gurbinsa, har suke kamanta tsarin da ƙafar keke mai juyawa.

Cire sutura daga baya ya mamaye wasan, a shekarun 1920 da 1930, lokacin da silima da rediyo suka janye 'yan kallo, masu gidajen wasa suka nemi abin da waɗannan ba za su iya nunawa ba. A 1933 Sally Rand ta yi suna a bikin baje koli na duniya a Shikago da manyan mafitai biyu na gashin jimina, tana kare jikinta da ɗaya kafin ta ɗaga ɗayan. Gypsy Rose Lee ta fi shahara da iya zance a kan dandamali, har ta rubuta littattafai. Hukuma kuwa ba ta taɓa sakin jiki da su ba. A 1937 gwamnatin magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ta ƙi sabunta lasisin gidajen, har sunan wasan aka hana rubutawa a ƙofa. Sai abin ya ƙara karkata zuwa wasu garuruwa, da gidajen rawa na dare, da tantunan baje koli. A wannan zamani na bayan kora Kaka ta shigo.

An haife ta a jihar Jojiya, a gidan masu noman auduga a gonar wani, inda ake raba amfani bayan girbi kuma kullum rabonsu ya ƙare a bashi. Tana da shekara goma sha bakwai ta bi sahun miliyoyin baƙaƙen fata da suka bar kudu suka nufi biranen arewa, ta sauka wurin wata gwaggonta a Baltimo, ta kama wanki da guga a wani otal da ba ta da ikon shiga ta ƙofar gabansa. A titin Pensilbaniya, inda gidan wasa na Royal yake, ta fara ganin 'yan rawa. Wata daga cikinsu da ke kawo mata gyaran kaya ta faɗa mata abin da ake biyansu a mako, ta lissafa ta ga ya fi abin da take samu a wata. "Ba wanda ya yaudare ni, 'yar nan," ta ce da ni. "Lissafi na yi."

Ta fara da ayarin tanti, irin masu bin bukukuwan baje kolin amfanin gona tun daga wucewar sanyi har dawowarsa. Wanda ya fi suna a irinsu shi ne Harlem in Havana na Leon Claxton, mai hutun hunturu a Tampa ta jihar Falorida, wanda ke bin jirgin ƙasa har yammacin Kanada. Kaka ta ce burin kowace yarinya ne ta shiga can, ita dai nata ayarin ƙarami ne. Wasa bayan wasa tun azahar har tsakar dare muddin akwai mai sayen tikiti, kwana a tarago, wanka da bokiti a bayan tanti. Bayan shekara uku ta fita daga sahu ta zama mai wasa ita kaɗai, ta samu dillali, ta koma zagayen gidajen wasa na baƙar fata da ake yi wa laƙabi da sunan hanjin alade, abincin talakan kudu: Apollo a Harlem, Howard a Washinton, Regal a Shikago, Royal a Baltimo, da ɗimbin ƙananan gidajen da ke tsakani. Ta ce manyan jefi jefi ta taka su, a ƙananan ta ci abinci.

Ko sau ɗaya ba ta ba ni labarin tafi ko yabo ba, labarinta duk na aiki ne. Yadda za ki isa gari da asuba ki nemi makaɗan gidan ki ba su takardun kiɗanki, ki lallaɓa mai ganga da 'yar kyauta, domin in ya ga dama sai ya gaggauta kiɗa ya kunyata ki. Yadda ake ɗinka riga da ɓoyayyun maɓallai don ta buɗe da yatsa ɗaya, kada a ga kina kokawa da ita. Yadda kowane gari ke da dokarsa game da iyakar abin da za a nuna, har suna da wasa na musamman mai yawan sutura da suke kira na Boston, saboda tsananin masu tace wasanni na garin. In an hango ɗan sanda a bayan zaure sai a yi mata alama ta koma wancan. Sau biyu ta kwana a caji ofis, kuɗin tara daga aljihunta suka fito. Wasan minti goma ne, ta ce, kuma takwas daga ciki taku ne da safar hannu da kallo. "Aikina in sa su zaci sun ga abin da ba su gani ba. Ni ke zaɓar abin da zai buɗe, ni ke zaɓar lokacin." A nan na gane tawul uku. Dokar da ta kafa mini a banɗaki ita ce dokar da ta yi aiki da ita a dandamali, kuma ita kaɗai ta rage mata a gidan da wasu ke zaɓa mata lokacin ci da na barci.

Tafiyar kanta wani aiki ce. A wasu garuruwan ta yi wa Turawa wasa a gidan da ba a yarda ta zauna ta sha ruwa a cikinsa ba, ta shiga ta ƙofar kicin ta fita ta nan. A jakarta kullum akwai ɗan littafin nan mai koren bango da wani ma'aikacin gidan waya, Victor Hugo Green, ya fara bugawa a 1936, mai jera masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da ke karɓar baƙar fata. Inda littafin bai san kowa ba, sai a kwana a mota, ɗaya yana barci ɗaya yana gadi. Ta koyi rage shan ruwa kafin doguwar tafiya, don ba ta san inda za a bar ta ta kewaya ba. Ta koyi karɓar kuɗinta kafin wasan ƙarshe, bayan wani mai gida ya garƙame ƙofa ya gudu da na mako guda.

Duk wannan yana cikin littattafan lissafin, da ƙananan rubutunta: kuɗin jirgi, kason dillali, kuɗin ƙungiya, zare, duwatsu, maganin ƙafa. A ƙarshen kowane mako layi ɗaya ne ba ya canzawa, an rubuta "Mama". Rasidan gidan wayan nan shaidarsa ce. Da kuɗin aka biya bashin gona, aka sayi fili, aka yi rufin kwano, aka kai ƙaninta makaranta har ya zama malami. Uwarta mace ce mai riƙo da coci, kuma abin da take faɗa wa mutanen cocin shi ne 'yarta tela ce a arewa. "Ba duka ba ne ƙarya," in ji Kaka, tana nuna rigar da ke cinyata. Ba su taɓa tayar da maganar ba, ita da uwar, har ƙasa ta rufe idon tsohuwar. Amma da ƙanin ya tashi aure, sai ya rubuto mata wasiƙa cikin ladabi yana roƙon kada ta zo, don dangin amarya mutanen kirki ne, kuma wani ya taɓa ganin hotonta a jarida. Ta aika da gudummawa, ba ta je ba. Wasiƙar tana cikin littafi na bakwai, an ninke ta huɗu.

Masu iya magana suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Talabijin ya zaunar da mutane a gida, finafinan batsa da gidajen giyar da ake rawa tsirara ba makaɗa ba ado suka zo da abin da ya fi nata arha. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta buɗe mata ƙofar gaban otal, ita ce kuma ta rage 'yan kallo a gidajen baƙar fata, tunda yanzu suna iya zuwa ko'ina. Kaka ta ajiye rawa a 1968, gwiwoyinta sun riga sun gaji, ba fansho ba gidan kanta. A 1971 aka rushe Royal. Ta koma kan keken ɗinki a bayan wani shagon wanki, tana rage wando tana sa zif, kusan shekara talatin, ta zama telar da uwarta ta daɗe tana faɗa. Wasu tsofaffin 'yan rawar sun samu wata irin daraja a ƙarshe. Jennie Lee ta tara kayansu a wata tsohuwar gonar awaki a hamadar Kalifoniya, Dixie Evans ta riƙe wurin bayan rasuwarta a 1990, daga baya aka mayar da kayan Las Vegas, inda matasa masu farfaɗo da wasan kan gayyato tsofaffi su karrama su. Na tambayi Kaka ko tana sha'awar zuwa. Ta ce masu zuwa Allah ya kai su lafiya, ita ta yi tafiyar da ta ishe ta.

Wani dare, ina kan mayar da duwatsun wuyan rigar, ta jefo mini tambaya ba tare da ta dube ni ba. "Ke me uwarki take gaya wa mutane kina yi a nan?" Allurar ta soke ni a yatsa. Gaskiyar magana ita ce na baro Zariya da takardar aikin jinya, amma a Amurka takardar ba ta aiki sai an ci jarrabawar lasisi, ni kuwa na zauna sau biyu na faɗi. Aikina wanka ne, da canza kunzugu, da kwashe fo, da ba da abinci a baki, da juya wanda ba ya iya juyawa don kada gyambo ya kama shi. A gida kuwa, wurin biki da suna, Inna tana cewa 'yarta babbar nas ce a asibitin Amurka, kuma ni na sa mata wannan maganar a baki. Har farar riga na taɓa ara na ɗauki hoto na tura. Da kuɗin fo ɗin aka gyara soron gidanmu, aka biya wa ƙannena biyu makaranta, aka kai Inna Makka. Na faɗa wa Kaka duk wannan, abin da ban taɓa faɗa wa ko 'yan garinmu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta ce, "To ke da ba abin kunya a aikinki, me ya sa kike ɓoye shi kamar nawa?" Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na tuna safar hannu biyu biyu, na rasa inda zan sa fuskata.

Kada mai karatu ya zaci ina daidaita sana'arta da tawa, ko na sauya ra'ayi a kan tata. Ban sauya ba. Addinina da tarbiyyata ba su bar mini ƙofar ganin ta halal ba, ba zan so wa 'yar da na haifa ita ba, kuma na faɗa wa Kaka haka ƙiri ƙiri ranar da ta tambaye ni. Ta ce ita ma da ta haihu ba za ta so wa tata ba. Da na tambaye ta ko tana nadama, sai ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, ta ce tana nadamar wasu darare da wasu mutane, amma ba ta nadamar rufin kwano, kuma ta kasa raba ɗaya da ɗayan. Abin da ya sauya a wurina ƙarami ne. Da na ɗauka cewa hukuncina a kan aiki ya ba ni izinin tauye wa mai aikin haƙƙi, ko da na gaisuwa ne. Na kuma lura cewa cikin duk waɗanda suka ci moriyar shekara goma sha biyar ɗin nan, da masu gidajen wasa, da dillalai, da mazan da suka sayi tikiti suka koma gida wurin matansu, da ƙanin da ya zama malami, ita kaɗai aka bar wa kunyar ta ɗauka. A duk zamanta a hannuna ba wanda ya zo duba ta daga Jojiya.

Na gama gyaran rigar cikin wata bakwai. Ba ta sa ba, ta dai ce in rataye ta a ƙofar kabad inda hasken fitila ke dukanta. Bayan wata biyu ta rasu, wata Laraba da magariba, ina bakin aiki. A irin gidajen nan mu mataimaka ne ke gyara mamaci kafin masu ɗauka su zo. Abokiyar aikina ta shigo da ruwa, ta kama bargon za ta yaye shi gaba ɗaya kamar yadda aka saba don a gama da wuri. Na riƙe hannunta, na je na ɗauko tawul uku. Muka wanke hannu muka mayar, muka wanke ƙafa muka mayar, ba mu buɗe biyu a lokaci ɗaya ba. Ita ce ta fara ba ni labarin da dariya, amma ranar ba ta ce uffan ba. Akwatin lauyan da ke kula da al'amuranta ya tafi da shi. Ni abin da ta bar mini tun tana da rai ɗan gwangwani ne na ragowar duwatsu shuɗɗa da allura biyu.

Ranar Juma'ar makon na kira Inna. Bayan gaisuwa da tambayar mutan gida na ce, "Inna, akwai maganar da nake so in gyara." Na faɗa mata komai, da jarrabawar, da fo ɗin, da rigar aro. Ta yi shiru har na duba waya ko layi ya katse. Ina jin tana tuna shekara shida da ta yi tana jinyar surukarta, kakar nan tawa mai kunya, tana wanke ta tana kwashe mata, ita ce ma mai yi mata kitson, ba albashi ba godiya. Da ta buɗe baki tambaya ta yi: "Kina dai suturta su in kina yi musu?" Na ce ina yi. Ta ce, "To Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki." Na fara kuka. Sai ta rage murya ta ƙara da cewa, "Amma kada ki faɗa wa kawunki, kin san bakinsa."

Na ci jarrabawar a zama na uku, bayan shekara guda, maganar Inna ta zama gaskiya kamar yadda ta uwar Kaka ta zama. Yanzu wasu ke yin wankan, ni ina raba magani ina rubutu a fayil. Idan aka kawo sabuwar mataimakiya sashena, ranar farko nakan kai ta ɗakin ajiyar kaya in ce ta ɗauki tawul uku. Yawancinsu sukan ce ɗaya ya isa, ga aiki ya yi yawa. Nakan ce ta ɗauka dai, zan nuna mata.